Ƙafa Uku a Bayan Motar Soja

Sada na tsugune yana liƙe ƙyauren wani kanti a rumfarsa ta walda da ke Kambarawa, sai a-kori-kura ta tsaya. Wani dogo cikin kakin soja ya sauko, ya ce shi ne Saje Ado, Oga na kira, a taho da inji da kayan aiki duka.

A shekarar nan ba a tambayar mai kaki dalili. Ba a daɗe da yunƙurin juyin mulki a Legas ba, kuma kowa ya ji a rediyo sunayen waɗanda aka ɗaure aka harbe.

Talatu, matarsa, ta leƙo daga zaure. "Baba fa ya aiko tun da safe. Wai ka je cikin gari, yana da albishir."

"In na dawo," in ji Sada.

Wani gida aka kai shi a GRA, mai doguwar katanga da fasassun kwalabe a kanta. Yana shiga aka maida ƙofa aka sa kwaɗo. A bayan gidan, ƙarƙashin rumfar kwano, ga tsohuwar Landiroba koriya irin ta yaƙin basasa, ƙofarta har da hudar harsashi. Saje ya hau bayanta ya buga ƙafa a tsakiya, ya miƙa masa igiya mai ƙulli biyu, wai faɗin abin ke nan.

"Nan za ka kafa. Ƙafa uku, da kai mai juyawa ko'ina."

"Mi za a ɗora, ranka shi daɗe?"

"Abin da in ya yi magana duk Katsina sai ta ji. Kafin watan nan ya mutu Oga ke son aikin. Kuma ba fita sai ka gama, ba ya son zance ya riga shi shiga gari."

Sada bai ƙara tambaya ba. Ya san abin da ke zama a kan ƙafa uku. A gidan 'yan bindigar Sarki aka haife shi, da warin albarushi ya tashi. Kafaɗar mahaifinsa, Malam Mati, ta karkace ne saboda shurin bindiga, kunnensa ɗaya kuma ya daɗe da mutuwa. Gudun wannan gado ne ma ya sa Sada ya koyi walda.

Ya fara yanka ƙarfe. Ogan bai taɓa fitowa ba, sai dai labule ya motsa a bene. Kullum manyan motoci na shigowa da buhunan shinkafa da gero da sukari da dabino, ana jibge su a sito. Sada ya dubi tarin ya ce a ransa, wannan abincin runduna ne.

Duk inda ya juya tunaninsa, bango ne. In ya ƙi aikin, ga Saje a bakin ƙofa. In ya yi, masu shirin juyin mulkin suka faɗi, za a tambayi wanda ya ƙera, kuma babu maƙerin Katsina da ba zai gane hannun Sada a walda ba. In kuwa suka yi nasara, jinin duk wanda bakin abin ya kalla yana wuyansa, ga azumi a bakin ƙofa.

Saje kuwa bai da damuwa. Yakan zauna a kan garwa da silifas, kakinsa ya koɗe a gwiwa, yana kawo masa fura yana zolayarsa. "Maƙeri, sha mana. Kamar wanda za a rataye!"

Ran da ya zo kan ƙafar baya, wadda duk shurin zai sauka a kanta, Sada ya tsaya ya daɗe yana kallonta. Sannan ya rage wutar inji. Ya shafa walda a sama-sama, mai kyan gani kamar zanen ƙwarya, alhali ƙarfe bai ci ƙarfe ba. Ya goge, ya bi da koren fenti. Za ta ɗauki nauyi, za ta ɗauki tafiya. Harbi ɗaya ne ba za ta ɗauka ba: ƙafar za ta ɓalle, bindigar ta dawo da baya cikin ƙirjin wanda ya kunna ta. Ya ce a ransa, wanda ya ɗauko wa gari wuta, ta fara da shi.

Saje ya hau ya jijjiga, ya rataya da dukan nauyinsa. "Kai, hannunka da albarka."

Washegari bayan la'asar aka buɗe masa ƙofa. Ya ƙi a kai shi a mota, ya bar injinsa a can, ya kama hanya a ƙasa yana waiwaye. Ya nufi cikin gari, don ya gaya wa mahaifinsa su rufe gida su zauna.

Magariba ta same shi a wani fili kusa da ganuwa. Hadarin da ya yini ya washe ta yamma. Jama'a sun cika wurin, kowa ya sa hannu a goshi yana duban sama. Wani tsoho ya ce masa, "Ai bana Alhaji Usman ɗan kwangila ya yi abin kirki. Gari ya faɗaɗa, bindigar ganin wata ba ta kai wa sababbin unguwanni. Shi ne ya sayi motar soja a gwanjo, ya ɗora tsohuwar igwa, babbar bindigar nan, a yi ta zagayawa ana bugawa. Ga abinci ma zai raba."

Sada ya kutsa cikin taron, yana ture mutane. Ga koriyar Landirobar can, Saje Ado na riƙe da sitiyari yana murmushi. Wani daga kan ganuwa ya ɗaga murya, "An ga wata!"

A bayan igwar, ƙirjinsa daf da gindinta, cikin sabuwar riga fara, kunnensa da ya mutu yana ɓangaren da ɗansa ke ihu, Malam Mati ya sunkuya da wuta a hannunsa.