Sarkin Tarkace

Na'urar ta yi ƙas, ta haɗiye ɗan faifan.

Shekara ashirin ina tara waɗannan 'yan faifai masu gidan roba da aka daina yayinsu, 'yan'uwana na kirana Sarkin Tarkace. Sai ga Yaya ta tsinci ɗaya a akwatin marigayi Baba. Ta zagaye masu gyara kaf, don kada ta zo wurina. Babu mai na'urar da ke karanta shi sai ni.

Na danna maɓalli.

Tari, sannan muryar Baba: "Auta, abin naka ya fara ɗauka? To ku yi ta yi masa dariya, wata rana sai kun zo nema."

Yaya ta share hawaye. "A maimaita mana, ranka ya daɗe."