Awarwaron 'Yar Fari

Ka ce duk wanda ya zo daga gida yana gaya maka 'yan'uwa suna lafiya, shi ya sa ba ka ga dalilin tafiya ba. To, gyara zama in ba ka misali, don "lafiya lau" ba ta da tsada, wanda ke kwance ma da ita yake amsa gaisuwa.

An yi wani maƙerin fari, irin masu ƙera zobe da awarwaro da 'yan kunne na azurfa. Ba shi da rumfa a kasuwa, kekensa ne rumfarsa. Akwatin kaya a kan kariyar bayan keke, zugazugi da ƙaramar uwar maƙera ta dukan azurfa ɗaure a gefe, famfo da kayan faci a jaka, haka yake ratsa ƙauyuka tun daga kaka har faɗuwar ruwa. Inda ya ga inuwa ya sauka ya hura gawayi, kafin ya gama share gumi mata sun kewaye shi. Shi da zare yake awo: ya miƙa wa mace ta zagaya a tsintsiyar hannunta, ya ƙulla, ya ƙera daidai ƙullin. A wani ƙauye, wata tsohuwa ta jira sai da kowa ya watse, sannan ta kwance bakin zanenta ta fiddo wani zare da ya yi baƙi don daɗewa. Awon hannun 'yarta ne tun sanda ake haɗa mata kayan ɗaki. Yarinyar tana aure can nesa a ƙetaren kogi, kuma 'yar fari ce. Ka kuwa san kunyar ɗan fari a wurin matan da: ba ta kama sunanta, ba ta tambayar lafiyarta a gaban mutane, balle ta ɗauki ƙafa ta je ganinta. Matafiya na kawo labarin ta haihu tana lafiya, tsohuwa ta kau da kai kamar ba da ita ake ba. Da maƙeri ya gama awarwaron, ta biya shi, ta ce, "In hanya ta bi da kai can, ka ba waccan."

Hanya kuwa ta bi da shi, don ta garin ake wucewa zuwa babbar kasuwar da yake sayar da rabin aikinsa na shekara gab da sallah. Ya yi sallama a gidan, aka ce maigidan ya tafi ci-rani, matar ta fito zaure da goyo tana haki, daga ɗaki zuwa nan kawai. Ya miƙa mata saƙon uwarta, ta zura awarwaro, ya zarce har ya wuce gwiwar hannu. Ta yi dariya ta ce, "Inna ta manta hannuna. Malam, rage mini shi, in ka koma ka ce muna lafiya." Maƙeri ya miƙa mata sabon zare ta auna, ya jera shi da tsohon, sai ya ga sabon bai kai tsohon ba ko kusa. Ya daɗe yana auna hannayen mata, ya san wadda ta yi aure ta haihu ƙara mata azurfa ake yi, ba ragewa ba. Ga tafin hannunta fari fat. Tun da ta haihu jini ya ƙare mata, ta ɓoye don kada a ce tana kai ƙarar gidan miji. Ya ce, "Ni ba na rage azurfa, 'yata. Ajiye shi, za ki cika shi." Da ya fito ya tsaya riƙe da kan keke, kasuwa a gabansa, tsohuwa a bayansa da nisa. Ya juya keken.

Ya sha yashi, ya sha ƙaya, ya yi faci har roba ta kusa ƙare masa. Da ya isa ƙauyen bai tsaya dogon bayani ba, ya shimfiɗa zaren biyu a kan tabarmar tsohuwa. Ta dube su, ta sake dubawa, sai ta ɗora hannu a ka ta ƙwala kiran sunan 'yar, sunan da maƙwabta ba su taɓa ji a bakinta ba. Nan take aka sauke akwatin azurfa aka ba mai unguwa ajiya, aka ɗaura matashin kai a kan kariya. Tsohuwar da ba ta taɓa hawa keke ba ta haye, ta ƙanƙame sirdi tana salati a kowane rami. Suka iske yarinyar ta kwanta, ko tashi ba ta iya yi. Aka kai ta asibiti aka ƙara mata jini, uwa ta zauna jinya, ta dafa zogale, ta goya jika, kunya kuwa ba a sake jin ɗuriyarta ba.

Kasuwar sallah ta ci ta watse ba maƙeri. Kayansa sai daga baya ya bi ƙauyuka ya sayar kaɗan-kaɗan, ribar shekarar dai ta wuce shi, bai kuwa taɓa ambata wa kowa ba. Da shekara ta zagayo ya biyo ta garin, matar ta fito da kanta ɗauke da ƙwaryar fura, tana ƙorafin sai da sabulu awarwaro yake fita. Tsohuwa, wadda ta sake zuwa ganinta, tana bayanta, ta buɗe baki za ta yi godiya, kuka ya ƙwace mata, sai albarka take sa masa, shi da iyayensa har da keken. Ni kaina ban taɓa ba da labarin nan ba sai na gode wa Allah da bai raba duniya da irin wannan bawa nasa ba. Saƙo ya yi ta zuwa yana cewa lafiya, wanda ya taka ya je shi ya ga abin da ake ciki. Ai Hausawa sun faɗa, zumunta a ƙafa take.