Allon Ɗakin Jira

Wuta ta ɗauke ƙarfe tara da kwata, janareto ya karɓa. Baba Waya ya ajiye kofin shayinsa ya nufi ɗakin jira da sauri, yadda ya saba yi shekara shida. Kafin ya kai ƙofa allon bango ya riga ya dawo. Lamba arba'in da ɗaya, ɗaki na uku. Babu wanda ya taɓa shi.

Ya tsaya da makullin akwatin kwamfuta a hannu. Marasa lafiya ba su ko dube shi ba.

A da, in wuta ta ɗauke, asibitin kan tsaya cak. Kwamfutar takan tashi da kanta, amma manhajar da ke nuna lambar layi ba ta tashi sai an kira ta da hannu. Mutane su yi cirko-cirko, wani ya rantse shi ne na gaba, nas ta leƙo tana ƙwala kiran Baba Waya. Ya zo ya buɗe akwati, ya buga layi ɗaya na umarni, allo ya haska. Har tafi an taɓa yi masa.

Ba wai bai yi ƙoƙarin gyarawa ba. Ya so ya mai da manhajar sabis, irin waɗanda kwamfuta ke tayarwa da kanta in an kunna ta. Matsalar ita ce sabis yana rigan allo farkawa. Manhajar ta nemi inda za ta zana lamba, ta rasa, ta mutu. Ya koya mata jira. Ya gaya mata wane allo ne nata. Gwaji goma sha huɗu ya rubuta. Na ƙarshen yana aiki in ya tayar da shi da hannunsa, amma in aka kashe kwamfuta aka kunna, shiru. Ya gaji ya bar su jibge a wata kusurwa ta kwamfutar.

Sai aka ɗauko Injiniya. Mace ce mai digiri biyu, sa'ar 'yarsa ta fari. Kwananta uku a wurin allo ya fara tashi shi kaɗai.

Tun daga ranar shayi ya daina masa daɗi. Nas-nas suka koma kiran sunanta ko da firinta ce ta cije takarda. Mai gadi ya ce masa, "Baba, ka huta da gudu ke nan." Kowa kuma ya san zancen da ke yawo: hukumar asibiti za ta bar mutum ɗaya a ɗakin na'ura, ɗayan a tura shi sito ya riƙa jera katifu.

Sau biyu Injiniya tana tare shi a baranda.

"Baba, in kana da minti biyar, maganar allon nan ce."

"Ba ni da shi."

"Wallahi abin dariya ne, layi ɗaya fa..."

"Je ki yi dariyarki, 'yar nan."

Layi ɗaya. Wannan kalma ta kwana uku tana ci masa rai. Shi wata takwas, ita layi ɗaya.

Manaja ma ya canza. Mutumin da ba ya amsa gaisuwa sai da ka, yanzu shi ke fara miƙo hannu, har da dafa kafaɗa. Baba Waya ya san irin wannan fara'a. Ita ake yi wa wanda za a sallama.

Ranar Laraba aka liƙa sanarwa: gobe 'yan hukuma za su zo, za a kashe kwamfuta a gabansu a kunna, su gani da idonsu, sannan a yanke maganar ɗakin na'ura.

Da rana, lokacin cin abinci, ɗakin jira ya rage mutane. Ya buɗe akwati da makullinsa. Ya kira jerin sabis ɗin da ke tashi tare da kwamfuta. Ga shi nan, sabo, da suna mai tsabta irin na 'yan makaranta. Yatsansa ya tsaya a kan maɓalli. Ya so ya buɗe fayil ɗin ya ga dabarar, sai zuciya ta hana. Ba zai koyi sana'arsa daga hannun wadda ya girme wa uba ba. Ya goge shi. Ya tabbatar babu kwafi. Allon bai ko ƙifta ba, don manhajar tana kan aiki. Ya rufe akwati ya tafi cin abinci, ya cinye tas.

Washegari 'yan hukuma uku suka jeru a gaban allo, Manaja riƙe da ambulan. Injiniya ta kashe kwamfuta ta kunna. Baba Waya yana can baya, jingine da bango.

Allo ya yi baƙi. Minti ɗaya. Biyu. Wata tsohuwa mai lamba sha tara ta ce, "To, mun koma gidan jiya." Babban cikin 'yan hukumar ya dubi agogonsa, ya miƙa hannu, Manaja ya mayar masa da ambulan.

Baba Waya ya jira a juya kan Injiniya. Manaja ya juyo, ya ratsa kujeru da idonsa har ya same shi a jikin bango.

"Baba, me ya samu aikin naka? Takardar tabbatar da kai a ɗakin na'ura ce fa a ambulan ɗin nan."

Injiniya ta ɗago daga kwamfutar.

"Fayil ɗin ba ya nan, ranka ya daɗe, kuma ni ban san yadda ake rubuta shi ba. Gwajin Baba ne na sha huɗu, daidai yake tun farko. Suna kawai na canza masa, na sa shi cikin jerin masu tashi da kwamfuta, don shi ya manta bai sa ba."