Zauren Barira

Tun da aka kafa dokar daidaita shafuka, duk shafukan intanet suka koma fuska ɗaya: fari fat, maɓalli shuɗi, ka danna ka saya ka wuce. Na Barira mai turaren wuta ne kaɗai ya ƙi. Launin jar ƙasa gare shi, da zaure a farko. Sai ka yi sallama, ya tambaye ka kwanan iyali, sannan ka ga kaya.

Da hantsi jami'in hukuma ya tsaya ƙofar shagonta, wata 'yar fitila mai naɗar magana tana ƙiftawa a wuyan rigarsa.

"Hajiya, shafinki na ɓata wa masu saye lokaci. Yau za a rufe shi."

Ta dake. "Gaisuwar ce ɓata lokaci? A gidanku haka ake faɗo wa mutane ba sallama?"

Ya danne fitilar da yatsa, ya rage murya. "Ni ne mai yi miki sallama kullum da safe. Ba mai tambayar yadda na kwana sai shafinki."

Fitilar ta soma ƙara. Ya janye hannu da sauri, ya ɗaure fuska.

"Rufe shi, Hajiya. Yanzu."