Sunan da Aka Ce na Aro Ne

Ina aji huɗu lokacin, Baba yana karatun digiri a Greensboro ta Amurka, ni kuma ina wata firamare ta wajen McLeansville. Wata rana bayan abincin rana malamarmu, Baturiya, ta shimfiɗa wani yadi mai gida-gida, ja da kore, a kan teburinta. Ta ce tufafin dangin McLean ne na Scotland, dangin mahaifiyarta. Ta dinga lissafo masu sunan: sojoji, likitoci, wani tafki, har garin da muke ciki. Duk mai wannan suna, in ji ta, yana da ikon ɗaura yadin.

Denise McLean, baƙar fata, ita ce abokiyar zamana. Ta miƙe da murna ta kai hannu za ta taɓa. Malama ta janye yadin, tana murmushi.

"Ba ku ba, 'yata. Naku sunan na aro ne."

Denise ta koma ta zauna, ta ɓoye hannun a ƙarƙashin tebur.

A mota na tambayi Baba ma'anar maganar. Sai ya ce:

"Mai aro shi yake roƙo, Hadiza. Kakanninta bayi aka mai da su, aka ƙwace sunansu, aka liƙa musu na ubangidansu."

Har yau in na tuna raina yana tafasa, kuma ba malamar kaɗai nake jin haushi ba. A ranar kafaɗata na gogar ta Denise, amma ban ce uffan ba.