Mai Amya da Mai Ƙirga Birai

Kai da kake cewa biri biri ne, gyara zama ka ji. An yi wani mai amya a bakin wani kurmi, shaƙiyyi na ƙin ƙarawa. Ba zan faɗi sunansa ba, amma a wayo ni kaɗai na san sa'ansa. Sai labari ya zo cewa za a bai wa masu gawayi kurmin, in dai ba a sami dabbar da ta isa a bar shi dominta ba. Amyarsa goma sha biyu kuwa duk a kan itatuwan nan suke rataye. Hukuma ta turo wata mata ta ƙirga birai, da littafinta da madubin hangen nesa, shi kuma ya ce shi ne ɗan jagora. Garken jan biri ɗaya tak ya sani. Kwana uku yana zagayawa da ita, yau ta gabas, gobe ta bayan dutse, yana nuna mata garken nan yana rantsuwa sabo ne. Ita dai sai rubutu take yi. Ran na uku ta sauke madubi ta ce, "Malam, wancan mai yagaggen kunnen dai ya gaji da gaishe mu." Garke ɗaya ta rubuta, birai goma sha tara. Gogan naka ya fara tunanin inda zai kai amyarsa.

Suna komowa ta bakin rafi sai reshe ya motsa, ga wasu birai a sama. Ya ce mata kada ta ɓata lokacinta, 'ya'yan na jiya ne. Ita kuwa ta shimfiɗa gyalenta ta zauna. Kwana huɗu tana zuwa wurin tun da sanyin safiya, cinnaku na cizo, ko ƙafa ba ta janyewa. Ta lura waɗannan maƙogwaronsu fari ne, ba sa sauka ƙasa sai ƙishirwa ta matsa, kukansu ma daban. Ta zana su, ta tsinci kashinsu a ƙaramar kwalba, abin da ya sa mai amya dariya har da riƙe ciki. Kwalbar nan da ya raina, da aka kai ta ɗakin bincike, ita ta tabbatar iri ne da ba a taɓa rubutawa a yankin ba, aka hana gatari shiga kurmin. Shekara ashirin yana wucewa ƙarƙashinsu da tsinin idonsa, bai taɓa ɗaga kai da kyau ba. Har yau yana shan zumarsa, kuma in an taɓo zancen yakan ce shi ya nuna mata rafin.

Shi ya sa Hausawa suka ce, kama da wane ba ta wane.