Bajo Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

Sau uku aka sa bajon a na'ura, sau uku ta ba da amsa ɗaya. Mai gwajin ta ɗauki takardar ta haura sama, ko safar hannu ba ta cire ba.

Ofishin ƙungiyar masana kariya daga radiyeshin ta ƙasa ɗaki biyu ne kacal. Aikinsu koyar da ma'aikata, duba ɗakunan hoton ƙashi, da raba wani ɗan bajo da ake maƙalawa a ƙirji. Duk hasken radiyeshin da ya ratsa jikin ma'aikaci sai ya bar shaida a bajon, bayan wata uku a karɓo a karanta. Mai lamba arba'in da ɗaya ya nuna abin da ya fi ƙarfin mutum ya sha a shekara ashirin.

Sakataren ƙungiyar tsoho ne da ma'aikatan asibiti ke kira Baba Mita, wai ko shayi sai ya auna kafin ya kurɓa. Ya duba rajista. Bajon na wata mai ɗaukar hoto ne a wani ƙaramin asibiti, wadda kowa ke kira Sista. Da kansa ya koyar da ita shekara huɗu baya.

Washegari da safe yana bakin asibitin lokacin da mijinta ya sauke ta a babur. Mai walda ne, mai fara'a, yatsunsa biyu naɗe da bandeji. Baba Mita ya yi masa sannu, mijin ya ce ai sana'a ce ta gaji haka. Sista ta yi dariya ta ce a bar shi, mutumin da ba ya wuce tsohon ƙarfe a hanya, gidansu ko mazaunin tukunya ba a taɓa saya ba.

Da ya nuna mata takardar, ko gezau ba ta yi ba. Ta ce na'urar asibitin ce ta tsufa.

Wannan natsuwar ta ba shi haushi, amma ya huce a kan likita mai asibitin. Ya ce a rufe ɗakin hoto nan take, in ba haka ba rahoto zai kai hukuma kafin azahar. Likita ya yi rantsuwa, ya fito da takardun gyara, ya nuna layin marasa lafiya a baranda, har da wani dattijo da aka ɗauko a kan katako da karyayyen ƙugu. Baba Mita bai kalli barandar ba. Aka sa kwaɗo, aka ce su nemi wani asibitin.

Kwana biyar yana aune-aune. Ya bi bango taku-taku da mitarsa, ya auna ƙofa da gilashin leƙe, ya shimfiɗa rigar dalma yana neman tsaga. Ya kunna injin ya kashe ya fi a ƙirga. Allurar mitar ba ta tashi inda bai kamata ba. Bajon abokin aikinta, wanda suke tsayawa wuri ɗaya, fes yake.

Labari kuwa ya riga ya zaga unguwa, wai injin likita na ƙona mutane. Masu awon ciki suka daina zuwa. Likita ya daina amsa gaisuwarsa.

Baba Mita ya sa aka ɗebi jinin Sista. Ranar da sakamakon ya fito sai bayan la'asar ta iso, ido ya faɗa. Ta ba da haƙuri, ta ce 'yarta ce ba ta da lafiya, wata takwas, haƙori ya sa ta a gaba tun da ta koma aiki daga hutun haihuwa. Ya yi mata addu'a, ya ja mata kujera a ɗakin da aka rufe.

Jininta lafiya ƙalau. Ya ajiye takardar a gabanta, ya ce ɗaki lafiya, jini lafiya, ita kaɗai ta san sauran bayanin. Ta ce to kuskuren gwaji ne. Ta san dokar da shi ya koya mata: wanda aka kama yana aiki ba bajo, ƙungiya na cire sunansa, kuma ba asibitin da zai ɗauke shi.

"Sista, na kai shi wani ɗakin gwajin, amsa ɗaya ce," in ji shi. "Bajo ba ya ƙarya. Wata ukun nan yana kusa da wani abu, dare da rana."

Ta shiga murza bakin mayafi.

Ya ce ba kora ta kawo shi ba. Abin da ke hana shi sukuni shi ne akwai wani da ke kusa da abin nan, bai sani ba. Irin wannan mutum zai yi ta amai, bakinsa ya cika da gyambo, jini ya riƙa fita a dasashi, ƙarshe gashi ya fara zuba a kan matashin kai.

Hannunta ya tsaya. Ta tambaye shi, cikin muryar da bai san ta da ita ba, ko abin kan iya ɓuya a cikin tsohon ƙarfe. Ya ce ƙwarai, in asibiti ko kamfani ya yar da tsohuwar na'ura aka farfasa ta a bola, ɗan guntu kamar ƙwayar wake ya isa.

Ta miƙe zumbur.

"Baba, ban taɓa shigowa da shi ɗakin nan ba. Tun ranar farko 'yata ta ƙwace shi tana wasa, sai na ɗaure mata shi a jikin gadon da babanta ya ƙera mata."